Baƙar takardar da ke nuna filin lantarki: sharhi bayan zango guda

Na yi zango guda ina koyar da darasin filin lantarki, wato yankin da ke kewaye caji inda wani caji ke jin ja ko turi, da wani akwatin gwaji, kuma ina ganin ya cancanci a yi magana a kansa. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: baƙar takarda da aka shafe da kabon mai zanen murabba'ai na santimita ɗaya-ɗaya, alƙalami mai tawadar azurfa, allo mai taushi, ƙusoshi da wayoyi. Batir da na'urar auna volt kuwa sai mutum ya nemo da kansa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na layuka biyu masu kallon juna. Mun zana su da tawadar azurfa, tazarar santimita 10 a tsakaninsu, muka haɗa su da wuta mai volt 10. Wata ɗaliba ta ɗora bakin wayar awo a kan takardar tana matsar da shi a hankali, duk inda na'urar ta nuna volt 4 sai ta ɗiga alama. Da ta haɗa ɗigon, sai ga layi wanda tsakiyarsa miƙaƙƙiya ce, amma ya lanƙwasa kusa da ƙarshen layukan azurfar. Wannan shi ne layin daidaiton volt, wanda caji zai bi daga farko har ƙarshe ba tare da filin ya yi aiki a kansa ba, domin a ko'ina filin yana ratsa shi ne a tsaye, da kusurwar digiri 90. Layukan volt 2, 4, 6 da 8 sun fito da tazarar kusan santimita 2, abin da ya ba mu volt 100 a kowace mita. Na daɗe ina zana layukan Faraday, wato layukan da ke nuna alƙiblar filin kuma suke ratsa layukan daidaiton volt a tsaye, a kan allo, amma ban taɓa ganin ɗalibai sun gamsu kamar ranar da suka gano su da hannunsu ba.

Akwai abubuwan da ya kamata malami ya kiyaye. Tawadar tana buƙatar ta bushe sarai, kuma idan ƙusa ba ta danne ta sosai ba, awon zai riƙa rawa. Mafi muhimmanci, takarda shimfiɗa ce kawai, saboda haka da'irorin daidaiton volt da ke kewaye ɗigon azurfa guda da aka haɗa da wuta ba sa bin ƙa'idar ɗigon caji da ke sarari, inda volt ke raguwa zuwa rabi idan nisa ya ninka. Sun fi kama da yanayin doguwar waya mai caji. Littafin da ya zo da akwatin bai bayyana wannan ba, kuma hakan ya rikita ɗalibai biyu da suka yi lissafinsu daidai amma awonsu ya ƙi yarda. Zan ci gaba da amfani da akwatin a zango mai zuwa, sai dai zan fara da wannan bayani kafin kowa ya taɓa alƙalamin.