Tattaki a cikin gari ko farauta a harabar makaranta, wanne zai fi tara mana kuɗi?

Salam 'yan uwa. Hajiya Maman Ummi, na ga tambayarki kan maganar gyaran rufin ajujuwan nan, wai maimakon a sake kiran taron gidauniya a zaunar da mutane ƙarƙashin rumfa ana jiran babban baƙo, me zai hana a yi tattaki da yara a cikin gari ko a shirya musu farautar kayan ɓoye, kuma wanne ya fi. To Hajiya abu biyu ne daban, kuma bambancinsu yana wajen aljihun da kuɗin zai fito.

Farauta dai a cikin makaranta ake yinta. A ɓoye ƙananan katuna ko murafen kwalba masu lamba, wani a gindin darbejiya, wani bayan allo, wani ƙarƙashin tukunyar fulawa, yaro ya sayi tikiti a ba shi takardar kacici-kacici, kowace amsa ta kai shi wurin da aka ɓoye na gaba. Sauƙinta ba a magana, get a rufe, maigadi yana nan, ba mota ba adaidaita, ɗan nazare ma zai iya shiga, izinin hedimasta kawai ake nema. Amma ki duba waye zai biya. Mu ne dai iyayen nan da muka biya kuɗin makaranta da na PTA da na littattafai, wato an ciro daga aljihun dama an mayar na hagu. A ce tikiti naira 500, yara 200 suka shiga, 100,000 kenan kafin a cire kuɗin alawa da biskit da bugun takarda, abin da zai rage ko bandir ɗaya na kwano sai an yi da gaske. Sai dai in an haɗa da teburan zoɓo da kunun aya da awara da iyaye mata za su kawo, nan kan ɗan ƙara wani abu.

Tattaki kuwa fita ake yi, kuma nan ne kuɗin waje ke shigowa. A Ingila abin ya zama al'ada, ƙungiyar iyaye ta buga taswira ta sayar, iyali su bi unguwa suna neman alamomi a ƙofar gidaje da shaguna. Akwai wani ƙauye Kettlewell a yankin Yokshaya da suka fara jera mutum-mutumi irin na gona a 1994 don tara wa firamarensu kuɗi, abin ya girma har ya zama biki na shekara-shekara a watan Agusta, baƙi na zuwa daga nesa. Mu a nan ban ga amfanin kwaikwayon mutum-mutumin ba, wasu iyayen ma ba za su ji daɗinsa ba, kuma muna da abin da ya fi shi. A nan Kano a fara daga marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, yara su tsaya bakin rijiyar baba su ga yadda marini ke tsoma farin yadi ya ɗago shi da ɗan kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a kan idonsu, wallahi yaro ba zai manta wannan ba. Daga nan a bi ta babban masallaci zuwa Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, a ƙare a gidan tarihi na Gidan Makama, a ba su labarin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kowace tasha akwai tambaya guda da tambarin da za a buga wa yaro a katinsa.

To ina kuɗin? Ba a tikiti yake ba, tikiti ɗan ƙari ne. Kowace tasha a samo mai ɗaukar nauyinta, mai kemis, mai shagon litattafai, mai gidan burodi, a sa sunansa a bayan kati da jikin rigar masu jagora. Sannan kowane yaro a ba shi takarda sati biyu kafin ranar ya kai wa kawu da gwaggo da yayyensa, su rubuta abin da za su bayar in ya kammala. Tsofaffin ɗalibai kuma, waɗanda ke Abuja da Legas, hoto ɗaya na yara a bakin marina in an sa a guruf ya fi doguwar wasiƙa sa su tura kuɗi.

Sai dai wahalarsa ma ba kaɗan ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Dole a je wa mai unguwa, a sanar da 'yan sanda na yankin, a nemi izinin masu marina da na gidan tarihi a ji kuɗin shiga, a samu babba ɗaya kan yara biyar ko shida, a raba su rukuni-rukuni kar a fito da ayari guda ya tare titi, a tanadi fiya wata da akwatin magani da mota ɗaya tana bi a baya saboda wanda ya gaji. Kasuwar Kurmi da Dutsen Dala a bar su tukuna, cunkoson Kurmi yaro zai ɓace cikin ƙiftawar ido, matakalar Dala kuma ba ta ƙananan yara ba ce. Lokaci ma yana da muhimmanci, Disamba ko Janairu da safe, ba watan Afrilu ba da rana ke dafa mutum, ba cikin azumi ba, kuma a kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli, a kuma yi magana da malaman Islamiyya tunda yawancin yaranmu suna can Asabar da Lahadi.

Wani abu da ya shafi duka biyun, musamman farauta. In yaro ya biya kuɗi sannan mutum ɗaya ya kwashe kyauta, tabbas wani uban zai ce wannan caca ce, kuma yana da hujja. Don haka kuɗin shiga ya zama gudummawa ce ga makaranta, kyauta ta fito daga wani mai bayarwa daban, kowane yaro ya koma gida da wani abu ko da fensir ne. Marayu da waɗanda iyayensu ba su da hali a saya musu tikiti a asirce, kar ranar ta zama ranar kallo ta taga.

Ni dai Hajiya in za a ji ta tawa, tunda rufi ake so ba alli ba, tattakin za a yi, na 'yan aji huɗu zuwa shida, gajere, tasha huɗu sun isa. Ƙananan kuma a yi musu farautarsu a makaranta a ranar, don kar su yi kukan an bar su. Kuɗi duka ya shiga asusun PTA, ba akawun ɗin wani ba, wanda ya kawo tsaba ma'aji ya ba shi rasit, cikin sati guda a liƙa lissafi a get a kuma turo shi nan. Kafin komai a fara kiran kafinta ya auna rufin ya faɗi kuɗin kwano da katako da ƙusa, sai mu san tasha nawa za mu nema wa masu ɗaukar nauyi.