Hattara da dillalin tsohon jirgin shaƙatawa a Legas: jirgi ɗaya, mutum uku sun saya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman 'yan kasuwarmu na Legas da masu turo kuɗi daga Kano da Abuja. Ni bakaniken injin jirgin ruwa ne. A Yawuri aka haife ni, a bakin Kwara na fara riƙe sifana ina gyaran injin kwalekwale, yau shekara goma sha bakwai ina aiki a ruwan Legas, tsakanin Apapa da Ikoyi. Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuta wannan shi ne jirgi guda da na shiga cikinsa sau uku, kowane zuwa da sabon mai shi, kowanne kuma ya fita da hawaye.

Mutumin dillali ne, yana jin Hausa ras, yana sahun gaba ranar Juma'a. A WhatsApp da Instagram yake tallarsa: farin jirgi mai tsawon ƙafa arba'in da shida, ɗakin kwana biyu, falo, kicin, inji biyu na dizal. Ya ce tokumbo ne daga Amurka, mai shi ya tsufa, shi ya sa aka karya farashi. Sai ya kawo lissafi a takarda: a ba da haya Asabar da Lahadi ga masu zuwa Ilashe da Tarkwa Bay, a watan Disamba kuma kullum, cikin shekara ɗaya da rabi uwar kuɗi ta dawo. A takardar babu layin gyara. Mai kuwa an rubuta shi kamar na motar haya.

Alhajin da ya saya na uku ɗan canji ne, mutumin kirki, mun san juna a masallaci. Bayan wata biyar da saye ya kira ni, ya ce inji ɗaya na hayaƙi. Da na sauka jeti, wato wurin da ake ɗaure jirage, na hango jirgin, gabana ya faɗi. An sake fenti, an canza suna, amma ni na san ɗinkin waldar da na yi da hannuna a bututun hayaƙin hagu shekara biyu da suka wuce.

Ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Wannan jirgin na girme ka a cikinsa."

Bari in yi bayanin abin da dillalin ba ya faɗa, don a nan cutar take. Jirgin ruwa tamkar doki ne, sayensa ba shi ne wahala ba, dawa da harawa da kanwa su ke kashe mutum, ko an hau ko ba a hau ba. Masu wannan harka a Turai da Amurka suna da ƙiyasin da suka saba da shi: a ware kusan kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi duk shekara don riƙonsa. Amma tsohon jirgi ba ya bin kuɗin da ka saye shi, girmansa yake bi. Ko kyauta aka ba ka mai ƙafa arba'in da shida, kuɗin jetinsa da fentinsa da kayan injinsa na mai ƙafa arba'in da shida ne, kuma da dala ko yuro ake odar yawancinsu.

Ɗauki mai kaɗai. Injin dizal na shan wajen lita ɗaya cikin biyar a kan kowane ƙarfin doki a awa guda in an taka shi sosai. Wannan jirgi inji biyu ne, kowanne doki 400. Lita 160 ke nan a awa in an buɗe wuta, a tafiyar yau da kullum kuma bai cika sauka ƙasa da ɗari ba. A 2023 litar dizal ta haura naira dubu. Yi lissafin da kanka, sannan ka ƙara janareton da ke riƙe da na'urar sanyi, don babu mai biyan haya ya zauna cikin zufa.

Shi ma man da sauƙi, tunda sai an tashi jirgi ake ƙona shi. Abin da ke cin mutum yana barci shi ne ruwan gishiri. Duk shekara sai an ciro jirgi daga ruwa da ƙugiya, an kankare ƙananan halittun da ke manne wa cikinsa, an shafa fenti na musamman mai hana su kamawa. Akwai dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa a jikin sandar farfela da sitiyarin ƙarƙashi, su gishiri ke ci maimakon ƙarfen. In sun ƙare ba a canza ba, farfelar kanta za ta fara zagwanyewa. Akwai ƙaramar robar famfon da ke jawo ruwa ya sanyaya inji, ita ma duk shekara ce, kuma a nan Legas in ciyawar ruwa da ledoji suka toshe mashigar, minti kaɗan robar ke yi ta ƙone, inji ya ɗau zafi. Batura, famfunan kwashe ruwa, inshora, albashin matuƙi da yaronsa, kuɗin jeti kowane wata, takardun NIWA da LASWA, wato hukumomin hanyoyin ruwa na tarayya da na jihar Legas. Ko ɗaya babu mai jiran ka sami ɗan haya.

To wannan jirgin ciwonsa ya wuce tsufa. Jikinsa na faiba ne, kuma ƙarƙashinsa duk ƙuraje, irin waɗanda ke fitowa in ruwa ya daɗe yana ratsa fatar waje. Ka huda ɗaya, ruwa mai wari kamar tsami ya fito. Maganinsa a feƙe fatar gaba ɗaya, a bar jirgi a tudu watanni ya bushe, a sake shafe shi. Shi kuwa dillali cikawa yake da foti ya bi da fenti. A ɗakin inji na ɗaga katakon ƙasa, na ga zanen laka a jikin bango sama da tsayin batura, wayoyin kuma in ka fere robar sai ka ga tagullar ta koma kore. Jirgin da bai taɓa nitsewa ba ba ya haka. Duk wanda ke wannan sana'a ya san bayan guguwa irin Ian da ta afka wa Fulorida a Satumban 2022, kamfanonin inshora kan yi gwanjon jiragen da suka nitse a matsayin tarkace, wasu kuma su wanke su su tura ƙasashen da ba a tambaya. Agogon awannin inji yana nuna ɗari tara da wani abu, sabo fil, kusoshinsa ko tsatsa babu, a jirgin da komai nasa ya yi tsatsa.

Shekarar ƙira ma ƙarya ce. Jiragen shaƙatawa na Amurka tun 1972 suna ɗauke da lamba mai harufa da alƙaluma 12, a bayan jirgi ta hannun dama, biyun ƙarshe kuma a jirage irin wannan su ne shekarar samfuri. An gaya wa Alhaji 2008. Na goge fentin da ɗan yatsa da fetur, 94 ta fito.

Duk wannan da a ce nan ya tsaya, sai in ce mugun ciniki ne, araha ba ta ado. Abin da ya mayar da shi damfara shi ne takarda ta biyu. Ranar ciniki, bayan an sa hannu a ta saye, sai ya miƙo wata ya ce ta ajiya ce kawai, don jirgi ya ci gaba da zama a jetin "abokinsa", yaransa su riƙa kula da shi tunda Alhaji bai san harkar ba. Turanci ne, ƙananan rubutu, shafi huɗu. A ciki an ce gyara sai a wurinsu, kuma in bashin jeti da gyara ya kai wata uku, suna da ikon riƙe jirgin su sayar don fanshe kuɗinsu. Jetin da garejin duk nasa ne, da sunan wani. Wata na farko lissafi kaɗan. Na biyu turbo. Na uku giyabos. Haya kuwa sau huɗu aka yi cikin wata biyar, ɗaya ma sai da aka jawo su da igiya daga bakin mashigar teku, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Idan mai jirgi ya gaji, sai dillalin ya zo da fuskar tausayi: "Alhaji, kawo in rage maka asara, a cire bashin in ba ka ragowar." Mai saye na farko ya karɓi abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ba. Na biyu ko sisi, bashi ya cinye. Kuma babu wanda ya yi magana, saboda kunya. Wa zai je kasuwa ya ce ya sayi jirgin yawon shaƙatawa an cuce shi? A kan wannan kunyar mutumin yake kiwo.

Ni ma ina da nawa laifin. Zuwana na biyu na gane jirgin, na yi aikina na karɓi kuɗina na yi shiru, ina cewa ba ruwana da cinikin manya.

Wanda duk ya nace sai ya sayi irin wannan jirgi, ban hana shi ba, akwai tsofaffi masu lafiya. Amma kada ya ba da kafin alƙalami sai an ciro jirgin tudu, mai duba jirage da shi ya ɗauko ya biya da kuɗinsa ya ƙwanƙwasa jikin ya auna damshinsa. A tashi injuna da sanyinsu a gabansa, don inji mai ɗumi yana ɓoye hayaƙi, a fita ruwa a buɗe wuta na rabin awa ana kallon zafi da matsin baƙin mai. Ya nemi takardun kwastam da rasiɗan gyara na shekarun baya, ya gwada lambar jiki da ta takarda, lauyansa kuma ya bincika ko an ci bashi da jirgin, domin jingina jirgi take bi, ba wanda ya ci kuɗin ba. In dillali ya ce akwai wani mai saye daga Fatakwal da zai biya gobe, a bar wa na Fatakwal.

Alhaji ya ƙi sayar wa dillalin. Maganar tana hannun lauya, mutum na farko ya yarda zai ba da shaida, ni ma na rubuta abin da na gani na sa hannu. Shekaranjiya wani yarona ya nuna mini sabuwar talla a wayarsa: wani jirgin ne, shuɗi, ƙafa talatin da takwas, jeti ɗaya, lissafi ɗaya, har da Disamba. An ce saura mutum ɗaya a rufe ciniki.