Abin dubawa kafin sayen ƙaramar na'urar auna sinadarin kotisol

Kotisol sinadari ne da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda ke fitarwa, kuma yawansa kan ƙaru idan jiki ya shiga damuwa ko matsi. Ko da lafiya lau, yawan nasa ba ya tsayawa wuri guda: yakan kai ƙololuwa kimanin minti 30 zuwa 45 bayan tashi daga barci, sannan ya yi ta raguwa har tsakar dare. Awo ɗaya tak ba ya ba da cikakken bayani, don haka mai saye ya fi mai da hankali ga kuɗin tsinken gwaji (ɗan siririn abin da ake ɗiga wa jini ko miyau) da zai riƙa saye a kai a kai, fiye da kuɗin na'urar kanta.

Na'urar da ke aiki da ɗigon jini tana auna jimillar kotisol, alhali mafi yawansa a jini a ɗaure yake da furotin, ba ya aiki kai tsaye. Ƙwayoyin tsarin iyali masu ɗauke da sinadarin estrojin kan ƙara yawan wannan furotin, sai sakamako ya hau ba tare da wata cuta ba. Ta miyau kuwa tana nuna sakakken kotisol, ba ta bukatar allura, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mai son yin awo safe da dare. Sai dai abin da ke cikin miyau ɗan kaɗan ne ƙwarai, dole na'urar ta iya gano adadi mafi ƙanƙanta, kuma jinin dasashi ko cin abinci dab da gwaji na iya ɓata sakamakon. Tsinken da ake sakawa cikin injin karantawa ya fi wanda ake duba launinsa da ido, domin lamba ake nema.

Mannen fata mai auna gumi, irin wanda masu bincike a jami'ar Caltech da ke Amurka suka bayyana a 2020, galibi har yanzu yana matakin gwaji. Agogunan hannu masu nuna "damuwa" kuma bugun zuciya suke lissafawa, ba kotisol ba.

A nemi shaidar cewa an kwatanta na'urar da awon ɗakin gwaje-gwaje, kuma hukumar kula da kayan asibiti ta amince da ita. A tambayi zafin da ya kamata a ajiye tsinkayen, a kuma tambaya ko firednisolon, wani maganin kumburi, na ruɗa ta, domin ya yi kama da kotisol sosai. Wanda ake zargin yana da cutar Cushing (yawan kotisol fiye da kima) ko Addison (ƙarancinsa), likita ne zai tsara masa gwajin da ya dace.