Zaizayar haƙori da kogon haƙori: ina bambancinsu?

Wata 'yar'uwa ta ce ba ta shan zaƙi, tana goge baki sau uku a rana, haƙoranta babu rami ko ɗaya, amma sun fara yin rawaya, bakin na gaba ya yi siriri har haske na ratsa shi, ruwan sanyi kuma na sa ta zabura. Ta ƙara da cewa kullum da safe tana shan ruwan ɗumi da lemon tsami, sannan ta goge baki. Tambayarta: kogo ne ya fara kama su?

'Yar'uwa, abin da kika siffanta ya fi kama da zaizaya. Ita da kogo duk asid ne ke jawo su, amma hanyar da asid ɗin ke zuwa ta bambanta, shi ya sa rigakafinsu ma ya bambanta.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wato inamel, ya fi komai tauri a jikin mutum. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, kaurinsa kuma bai wuce milimita 2.5 ba a inda ya fi kauri. Yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauka ƙasa da kimanin 5.5, kuma ƙwayoyin da suka gina shi sun gama aiki tun kafin haƙorin ya fito. Wanda ya tafi ba ya dawowa.

A kogo, ƙwayoyin cuta ne ke haɗa asid ɗin. Suna zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, su ci sukari, su fitar da asid a ƙarƙashin dauɗar. Don haka ɓarnar ke taruwa a lungu: tsagar saman turame, tsakanin haƙori da haƙori, da gefen dasashi. Yakan fara da farin tabo mara sheƙi, ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya rufta ya zama rami.

Zaizaya ba ta buƙatar ƙwayar cuta ko ɗaya. Asid ɗin a shirye yake zuwa, ya wanke fuskar haƙori gaba ɗaya, kuma ya fi cin wurin da yake tsaf babu dauɗa. Lemon kwalba mai kola yana wajen pH 2.5, ruwan lemon tsami tsakanin 2 da 3, ruwan lemon zaƙi wajen 3.5 zuwa 4. Ma'aunin nan ba ɗaya bayan ɗaya yake tafiya ba: duk saukar lamba ɗaya ninki goma ne na ƙarfin asid. Lemon da aka rubuta babu sukari a jikinsa yana rage haɗarin kogo, amma asid ɗinsa na nan daram. Haka ƙwayar bitamin C ta taunawa, da finega, da lemukan ƙara kuzari.

Akwai kuma asid na ciki, wanda ya fi duk waɗannan ƙarfi. Mai yawan ƙwannafi, mai laulayin ciki da amai, da mai tilasta wa kansa amai, duk suna wanke haƙoransu da shi. Wurin ɓarnar na nuna tushenta: idan bayan haƙoran gaba na sama ne, ɓangaren da ke kallon ganda, ya sulɓe, likita zai fara zargin ciki. Idan fuskarsu ta waje ce, abin sha ne. A turame kuma za a ga ƙananan kwarmi a kan tsininsu, kuma idan akwai tsohon ciko sai ya tsaya ya fi haƙorin tudu, domin abin da ke kewaye da shi ya narke ya bar shi. Rawayar da kike gani ba datti ba ce. Dentin ne, ɓangaren da ke ƙarƙashin inamel, yake lekowa, kuma yana da ƙananan ƙofofi da ke kai sanyi ga jijiya. Man ƙara fari mai gautsi ba abin da zai yi sai ƙara kankare ragowar.

A nan ne shawarwarin biyu suka raba hanya, kuma nan mutane suka fi cutuwa. Mai gudun kogo an ce masa ya goge baki sosai. Mai zaizaya idan ya ɗauki burushi bayan ya sha abu mai tsami, fuskar inamel ɗin ta riga ta yi laushi, sai burushin ya kwashe ta. A ganinmu lemon tsamin safe da gogewar da ke biye masa su ne abin da za ki fara sauyawa. Ki goge baki kafin ki sha, ko ki jira minti 30 zuwa awa ɗaya bayan kin sha, yawu ya kashe tsamin ya mayar da ɗan ma'adini. Kafin lokacin ya cika, kurkure baki da ruwa zalla ya isa. Bayan amai kuwa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa a kurkure, a tofar, kada a goge nan take.

Yadda ake shan abu ya fi yawansa muhimmanci. Kofi ɗaya da aka shanye tare da abinci cikin minti biyar bai kai ɓarnar wanda aka yi ta kurɓa awa biyu ba, domin kowace kurɓa tana sake saukar da pH. Kada a riƙe shi a baki ko a kaɗa shi tsakanin haƙora. Tsinken zuƙa yana taimakawa idan an kai bakinsa bayan haƙoran gaba. Kada a sha mai tsami daf da barci, domin yawu na raguwa sosai da dare. Madara ko cuku bayan abinci, da cingam mara sukari, suna taimakawa. Wanda bakinsa ke bushewa saboda magani, kamar wasu magungunan mura da na damuwa, haɗarinsa ya ƙaru ta ɓangarorin biyu.

Abin da rigakafin kogo da na zaizaya suka haɗu a kai shi ne fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa inamel. Babba ya nemi man goge baki mai 1350 zuwa 1500 ppm, ana rubuta shi a jikin kwalin, sau biyu a rana, minti biyu, da burushi mai laushi ba tare da dannawa ba. A tofar da kumfar, kada a kurkure da ruwa. Fuloraid ya fi tasiri a kan kogo, har yana iya warkar da farin tabon farko. A kan zaizaya kariyarsa kaɗan ce muddin asid bai daina zuwa ba, ko da yake man da ke da sinadarin sitanos fuloraid ya fi sauran riƙewa.

Gyaran ma ba ɗaya ba ne. Kogo ana share ruɓaɓɓen wurin a cike. Zaizaya babu abin sharewa: likitan haƙori zai ɗauki hoto ko ya auna haƙoran don ya ga ko tana ci gaba, ya shafa fuloraid mai ƙarfi, ya rufe wuraren da dentin ya bayyana da ciko mai launin haƙori, idan ta yi nisa a sa wa haƙorin hular da za ta rufe shi. Idan kina cizon haƙora cikin barci ki faɗa masa, domin haƙorin da asid ya tausasa yana saurin cinyewa da gugar juna. Idan kuma kina tashi da ɗaci a baki ko zafin ƙirji, ki ga likitan ciki tukuna, don cikon da aka yi alhali asid na ci gaba da tasowa ba ya daɗewa.