Kyamarar ribas a bayan Camaro: abin da ta gyara min da abin da ya fi ƙarfinta

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar direba ta Chevrolet Camaro, samfurin 2010 zuwa 2015, ya san abin da zan faɗa. Mota ce mai kyau da ƙarfi, amma da zarar ka sa ribas kusan babu abin da kake gani. Kujerar a ƙasa take, ƙofofin sun taso har wajen kafaɗa, but ɗin ya yi tudu, gilashin baya kuma ɗan siriri ne a kwance. Ginshiƙan nan biyu da ke riƙe da rufi ta baya suna da faɗi sosai, har Keke Napep sukutum yana iya ɓuya a bayan ɗaya. Da gangan aka zana ta haka don ta ɗauko surar Camaro ta 1969, kuma surar ce ta ja ni na saya. Tawa ta 2011 ce mai injin V6, ta shigo daga Amurka ta Legas, babu kyamara a jikinta, domin sai a samfurin 2012 kamfanin ya fara sa kyamarar baya.

Ba tsoron gogar bamba ne ya kai ni wurin masu wayarin ba, yara ne. Gidan Hajiyarmu a Tudun Wadan Kaduna yake, cikin lungun da mota biyu ba sa giftawa. Da ka tsaya da irin wannan mota yara za su kewaye ta, wani ya leƙa gilashi, wani ya tsuguna yana shafa fitilar baya. Yaro ɗan shekara uku da ke tsaye dab da but ba ya fitowa a kowane madubi cikin ukun nan. Ko a Amurka wannan ne ya sa aka yi doka. Hukumar kula da lafiyar hanya ta can ta ƙiyasta cewa motoci masu yin baya suna kashe mutum kusan 210 a shekara, suna jikkata kusan 15,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Tun daga watan Mayun 2018 dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da kyamarar da ke nuna fili mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 20 a bayanta. Mu kuwa yawancin abin da muke hawa tsofaffi ne da aka ƙera kafin dokar.

Shagon da na je yana wajen tsohuwar Panteka, ƙarami ne, mai shi da yaransa biyu. Na je da niyyar a sa min irin wadda ba ta da waya, saboda ban so a kwance min cikin mota.

“Yallaɓai, akwai ta, in ka ce a sa zan sa,” in ji shi. “Amma hotonta yakan makara, wani lokaci ya tsaya cak. Kai kana tafiya, shi yana nuna maka inda ka baro. Ka bari in ja waya.”

“To Malam, ba za a ɓalla min robobin ciki ba?”

“In ɗaya ta karye, ni zan biya.”

Wannan shawarar ita ce mafi tsadar abin da na samu a shagon, kuma kyauta ya ba ni. Mai wayar ta ma fi araha, wahalar aikin ce ta fi yawa, kuma a kansa take.

Na zauna na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Abu na farko, ya buɗe but ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya cire kan batir, domin batirin wannan Camaro a but yake, ba a gaba ba. Ganin bai tsaya neman sa a wajen inji ba, hankalina ya kwanta. Ya huda ƙaramin rami a saman lamba, ya sa zoben roba kafin ya zura waya don kada ƙarfe ya yanke ta ko ruwa ya bi. Wutar kyamarar daga wayar fitilar ribas ya ɗauko, shi ya sa take kamawa da kanta da ka sa giyar baya. Bai murɗa wayoyi ya naɗe da salatif ba kamar yadda aka saba yi mana, dalma ya sa ya like kowace mahaɗa, sannan ya rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Wayar hoton ya bi da ita ƙarƙashin kafet ta gefen ƙofa, ta hau ginshiƙin gaba zuwa rufi. Ba ka ganin ko tsinkenta.

Rediyon 2011 ba shi da allon hoto, don haka muka sa madubin tsakiya mai allo a ciki, wanda ake maƙalawa a kan na asali. Ya ƙara sensa huɗu a bamba, masu yin ƙara in ka kusanci abu. Kafin in tafi ya jera jarkoki a bayan motar, ya auna da tef, ya sa ni in yi baya a hankali har na gane cewa jan layin da ke allo kusan rabin mita ne daga bamba. Ban taɓa jin wani mai sa kyamara ya yi wa kwastoma haka ba.

Da rana hoton garau yake. Ana ganin leɓen bamba a ƙasan allo, wanda shi ne ma'aunin komai, ana ganin dakali, ana ganin akuya a kwance. Shiga get ɗin gidana da baya, wanda a da sai maigadi ya tsaya yana ɗaga min hannu, yanzu ni kaɗai nake yi. Motar nan faɗinta ya haura mita 1.9, tsawonta ya haura mita 4.8, don haka tazarar taki ɗaya ma abin lissafi ce.

Amma akwai inda kayan suka gaza, kuma gara mai saye ya sani tun kafin ya biya.

Idon kyamarar mai faɗi ne, yana lanƙwasa hoto. Abin da ke tsakiya daidai yake, na gefe kuwa yakan yi kamar yana nesa alhali ya iso. Mai babur da ya taho da gudu ta gefe, kafin ya bayyana a allo ya riga ya zo kanka. Layukan da ke allon kuma a tsaye suke, ba sa bin sitiyari kamar na sababbin motoci, suna nuna inda za ka je ne kawai in tayoyinka a miƙe suke. Da dare hoton yakan yi dishi-dishi, in kuma wata mota ta haska ka ta baya sai allon ya yi fari fat. Da la'asar idan rana ta bugi madubin, sai ka kare da tafin hannu kafin ka ga wani abu.

Sai ƙura. A lokacin hunturu, tafiya ɗaya daga Malali zuwa Kawo ta isa ta rufe idon kyamarar, saboda bayan mota ne ke tara ƙura. Da damina kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya dagula hoton. Tsumma nake ajiyewa a aljihun ƙofa saboda wannan kaɗai.

Sensa kuwa, rabin amana nake ba su. Sauti suke turawa wanda kunne ba ya ji, in ya bugi abu ya dawo sai su lissafa nisa. Bango da mota suna kamawa da kyau. Siririn ƙarfen da masu shaguna ke kafawa a bakin Ahmadu Bello Way yakan sulale tsakanin sensa biyu. Kwata kuwa sam ba su san da ita ba, domin rami ba ya mayar da sauti, kuma a garin nan buɗaɗɗen lambatu ya fi bango haɗari ga mota mai ƙasa-ƙasa. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sukan yi ta ƙara babu komai a baya. Baƙaƙe suka zo, motata ja ce, ya kuma sa su a haka bai tambaye ni ko a fesa musu fenti ba. Wannan kam ya rage masa maki a wurina.

Babban abin da kyamarar ta canza min shi ne yadda nake fakin. Yanzu da baya nake shiga, in fito da gaba, musamman ranar Juma'a a wajen Masallacin Sultan Bello ko kusa da Kasuwar Sheikh Gumi. Lokacin shiga ka riga ka wuce gurbin ka gan shi da idonka, ka san babu kowa, kyamara kuma tana nuna maka iyaka. Lokacin fita, sa'adda jama'a suka watso da babura da masu talla, fuskarka na kallon hanya. Fita da baya cikin cunkoso da Camaro, ko da kyamara, ba na yi in dai akwai wata dabara. Nakan sunkuyar da madubin dama in ga tayar baya da dakali don kada rim ya gogu, in sauke gilashi in ji muryoyi, in kuma bar fili a gefe saboda ƙofofinta dogaye ne. A Tudun Wada har gobe sai na zagaya bayan motar da ƙafa kafin in shiga, in kira babba cikin yaran in ce ya janye ƙannensa, domin kyamarar ba ta ganin wanda ya tsuguna a gefen taya.

Ga mai Camaro, ko Mustang, ko Challenger da ta zo babu kyamara, ina ba shi shawara ya sa, kuɗin duka bai kai na gyaran bamba da fenti sau ɗaya ba. Ya zaɓi mai waya, ya duba ko an rubuta IP67 ko IP68 a kwalin, alamar tana jure ƙura da ruwa. Ya tsaya a kan mai aikin ya ga an like wayoyi da dalma, an sa roba a ramin da aka huda, an kuma gwada masa nisa kafin ya bar shago. In kuɗin bai kai na duka biyun ba, ya ɗauki kyamara ya bar sensa.