Jan littafin Babadook: ya burge ni, amma ba na kowa ba ne

Cikin kayan da ake sayar wa masu son finafinan ban tsoro, riguna da 'yan tsana da kofunan shayi da fuskokin roba, wannan jan littafin ne kaɗai na ga ya cancanci a ajiye shi a gida. Shi ma ba a farashin da ake tsuga masa yanzu ba.

Littafin kwafi ne na wanda ya fito a fim ɗin The Babadook, wanda Jennifer Kent 'yar ƙasar Ostareliya ta rubuta ta kuma ba da umarni. An ɗauki fim ɗin a birnin Adelaide, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a farkon 2014. Da masu kallo suka dami masu fim ɗin da tambaya, sai aka buɗe odar littafin na ɗan lokaci a kan dala 80, aka buga iya na waɗanda suka biya. Shi ya sa wannan bugun sai dai na hannu, wurin masu tara irin waɗannan kaya, kuma kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Nawa ƙanina ne da ke karatu a Ingila ya samo mini wurin wani mai sayarwa a intanet. Mutumin ya rantse cewa ko ƙwarzane babu. Da ya iso sai ga kusurwar bangon a lotse, ɗaya daga cikin kunnuwan takardar da ake ja kuma an liƙe shi da gam. Duk mai niyyar saye ya nemi bidiyon da aka buɗe kowane shafi a gabansa kafin ya tura ko sisi.

Bangon ja ne wur, mai kauri, da baƙar inuwar Babadook, dodon fim ɗin, a tsakiya. Ciki kuwa kusan babu launi, baƙi ne da fari da toka-toka, zanen Alex Juhasz. Kana buɗe shafi sai hoton ya miƙe tsaye daga cikin takardar. Akwai inda dodon ke tasowa da doguwar hularsa da zara-zaran farata, ya rankwafo a kan gado. Idan ka buɗe a hankali, a hankali yake tashi, har kana jin ƙarar takarda tana gogar 'yar'uwarta. Idan ka rufe sai ya naɗe ya koma kamar ba shi. Aikin ninke takardar ya yi kyau ƙwarai, kuma an ƙara wasu shafuka da ba a nuna a fim ba. Sai dai abu ne mai son lallaɓawa, ba ya jure yawan buɗewa.

Wanda bai kalli fim ɗin ba ya yi haƙuri, dole in taɓa labarin. Amelia, wadda Essie Davis ta fito a matsayinta, mijinta Oskar ya rasu a hatsarin mota yana kan hanyar kai ta asibiti haihuwa. Ranar da ta samu ɗanta Samuel ita ce ranar da ta rasa miji. Yaro ya kusa shekara bakwai, amma ba ta yarda a ambaci sunan uban, ba ta yi wa yaron bikin zagayowar haihuwa a ainihin ranar, kayan mamacin kuma ta kulle su a ɗakin ƙarƙashin gida. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta samun barci, haƙori na ciwo, 'yar'uwarta ta gaji da ita. Ana cikin haka littafin ya ɓulla a kantar littattafan yaron. Ta yayyaga shi ya dawo a liƙe. Ta ƙona shi, abin bai bar gidan ba.

A nan ne riƙe littafin a hannu ya sha bamban da kallo. A shafukan da uwar da ke cikin littafin ke shaƙe kare, sannan ta juya kan ɗanta, kai mai karatu ne ke motsa hoton. Hannunka ne. Na daɗe a kan wannan shafin ban iya wucewa ba, domin a fim kana iya cewa ga wata mata can ta haukace, amma a nan babu wata mata can. Rigar da aka buga wa hoton dodon ba za ta taɓa yi maka haka ba, kuma abin da ya sa 'yan tsanan Babadook masu murmushi ba sa yi mini daɗi ke nan. Sun ɗauki baƙin cikin bazawara sun mai da shi abin ratayawa a jikin makulli.

Yayata ta rasa mijinta tana goyon wata biyar. Lokacin takaba gida cike yake, masu gaisuwa na shiga suna fita, kwanukan abinci har ba wurin ajiyewa. Da wata huɗu da kwana goma suka cika sai ƙafa ta ɗauke, kowa ya ɗauka an gama. Ita kuwa a lokacin abin ya fara. Ta daina kiran sunansa, ta tura akwatinsa ƙarƙashin gado, dare ya zama ba nata ba. Wata rana yaron yana kuka ta daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinta ba, sannan ta zauna a ƙasa tana rawar jiki. Ta ce mini, "Ƙanwata, wallahi ina son yaron nan, amma wani lokaci ba na son ganinsa." Wasu a dangi suka ce iska ce. Addu'a mun yi, ba mu fasa ba, amma sai da Kawu ya tsaya tsayin daka aka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa kafin barci ya dawo mata.

Don haka ba na tare da masu sharhin da ke cewa dodon "ciwon hauka" ne kawai, su rufe magana. Irin wannan fassarar tana koya wa mutane cewa uwa mai ciwon damuwa abin gudu ce, alhali mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ne ma ke shan wahala a ɓoye. Finafinan ban tsoro sun daɗe suna wannan laifin, su sa wa mai taɓin hankali wuƙa a hannu. Abin da na gani a labarin Amelia shi ne makokin da aka hana shi fita, ga rashin barci, ga rashin mai taimako. Likitoci ma sun san da wannan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makoki mai tsawo da ke hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin kundin cututtukanta na ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022. Kuma fim ɗin bai kashe dodon ba. Ya koma ɗakin ƙasa, Amelia na sauka ta kai masa kwanon tana, ta lallashe shi, ta hau sama wurin ɗanta. Mutane da yawa sun ce ƙarshen bai gamsar da su ba. Ni kuwa shi na fi yarda da shi a duk fim ɗin, don haka na ga Yaya take rayuwa har yau.

Littafin shi kaɗai ba ya ɗauke da duk wannan. Wanda bai san labarin ba zai ga zane ne mai tayar da hankali kawai. Kuma kamanninsa na littafin yara babban haɗari ne: ja ne, hotuna na tashi, duk yaron da ya hango shi sai ya miƙa hannu. Nawa yana can saman kabad cikin leda, nesa da 'ya'yan gida da kuma damshin damina. Ban nuna wa Yaya shi ba, ba kuma zan ba wanda rasuwa ba ta daɗe da taɓa shi ba shawarar ya buɗe. Mai tara kayan fim da ya same shi lafiyayye a farashin da bai wuce hankali ba, ya saya. Idan kuwa kuɗin zai taɓa na cefane, a nemi fim ɗin a kalla, ya wadatar.