GARGAƊI: mai "ɗinkin lifidi da sulke" na Facebook ya cinye min N485,000

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai zan faɗa, mai dariya ya yi.

Naira dubu ɗari huɗu da tamanin da biyar. 485,000. Da hannuna na tura, babu wanda ya ɗora min wuƙa a wuya, kuma har sau uku.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata. Hayar kayan gargajiya nake bayarwa, na sarauta da na mayaƙa, ga makarantu ranar al'adu, da masu hawan angwanci, wani lokaci 'yan fim. Shekara tara ina wannan harka. Na faɗa ne don kada wani ya zo yana ce min ban san kaya ba. Na san saƙi, na san tsamiya. Miƙo min rawani ɗan Kura ido rufe, zan gane shi da ƙanshin baba da shunin da zai bar min a yatsa. Sau nawa na shiga Gidan Makama na tsaya ina ƙare wa kayan yaƙi kallo don kawai in ga yadda mutanen da suka haɗa su?

Wata makaranta ce ta ba ni aiki, za su yi wasan kwaikwayo kan shigowar Turawa Kano a 1903. Suna son lifidi huɗu (kayan kariyar yaƙi masu cushe), sulke biyu, da riga saƙi mai adon ɗinkin aska takwas ta yaron da zai fito a Sarki Alu, Sarkin Kano na lokacin. Ba ni da su. Sai na ci karo da shafin mutumin nan, cike da bidiyon hannun wani dattijo yana bin lifidi da allura, ga zoben azurfa a ɗan yatsansa.

Ga wurin da ya kama ni, kuma wallahi har yanzu in na kwanta shi nake ji a kunnena. Na ce masa, Baba, tunda wasan yara ne, a cusa soso a lifidin don kuɗin ya sauka. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, lifidin soso? Tun Kanajeji da ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali Kano ba a san shi da soso ba. Audugar rimi ake cusawa, a bi ta da ɗinki layi-layi. In soso kake so, je wurin masu kushin." Kanajeji fa, Sarkin Kano na can zamanin da! Ku gaya min, ɓarawo nawa kuka sani da zai ambaci Kanajeji? Sannan ya ƙi karɓar rigar a sati uku, wai aska takwas ta hannu ba ta son gaggawa, gara in kai wa wani da ya ɓata sunansa. Ni na riƙa roƙonsa. Ni! "Don Allah Baba a taimaka." Mutum ya ce maka ba ya son kuɗinka, ta ina za ka zarge shi?

Na tura 300,000 kafin alƙalami. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne. Na gani, ba wai ban gani ba, har na tambaya. Ya ce na ɗansa ne, shi bai iya harkar banki ba, allura kawai ya sani. To dattawan da nake hulɗa da su a cikin gari rabinsu haka suke, ɗa ko jika ne ke karɓar alat. Me zan ce?

Sai 120,000, wai audugar rimi ta yi tsada kuma masaƙin ya ƙara kuɗi. A'a, tsaya, kafin wannan ne ya aiko min da samfur. Ko bayan nan ne? Kafin ne, don shi ya sa na tura ban yi gardama ba. Ƙyalle ne kamar tafin hannu, saƙi na gaske, saƙar hannu, baƙi-baƙi da ɗigon fari kamar jikin zabuwa. Na murza, na shinshina, har na nuna wa matata ina cewa kin ga aikin mutanen da. Dubu ɗari cikin kuɗin nan adashinta ne. Ta ba ni ne don na ce mata sati shida zan mayar.

Na ƙarshe 65,000, kuɗin ƙarasa aiki da na mota. 300,000, 120,000, 65,000. Na lissafa ya fi sau hamsin kamar zai ragu.

Na manta ban faɗa ba, tun a sati na biyu na ce zan zo in ga aiki da idona. Ya ce an yi masa rasuwa, sun tafi ƙauye. Na yi masa ta'aziyya. Na yi wa ɓarawo ta'aziyya, jama'a, har da "Allah ya ba da haƙuri, Baba". Duk kiran bidiyo kuwa sai ya ce kyamarar wayarsa ta fashe.

Ranar da kaya suka iso tasha, buhu ɗaya direba ya sauke min, mara nauyi. Tun daga ɗagawa gabana ya faɗi, don sulke ɗaya ma sai ka ji shi a kafaɗa. Na kwance a nan gaban 'yan kamasho. Tsohon bargo biyu, yankakken soson katifa, da ragar waya irin ta tagar sauro an fesa mata fenti ruwan azurfa. Soso fa. Mutumin da ya yi min wa'azi a kan soso. Na kira, a kashe. WhatsApp ya toshe ni. Kafin magariba shafin ya canja suna ya koma sayar da turaren wuta.

Washegari na shiga Kurmi wajen masu kayan doki ina nuna bidiyon. Wani ya kalla ya ce ai ya san hannun nan, ya kai ni. Ga dattijon, ga zoben azurfar a yatsansa. Bawan Allah ko Facebook ba ya yi, jikansa ne ya taɓa ɗora bidiyon, aka kwashe. Da na faɗa masa farashin sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, sulke zobe-zobe ake haɗa shi da hannu. A kuɗin nan wa zai yi maka biyu, har da lifidi huɗu da riga?" Na sani. Abin da ya fi ci min rai ke nan, na san haka. Na ɗauka ragi ɓarawon ya yi min don ya ga ina son tarihi.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na je banki na cike takarda. Hotunan hirarmu, rasit uku da muryoyinsa duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na gama rufe lambobin mutane. Wanda ya ce ƙarya nake ya jira.

Kada ku tura wa mai kayan gargajiya ko sisi sai kun taka rumfarsa kun ga allura a hannunsa. Sunan asusu ya bambanta, ku tsaya. Shi ke nan.

Wasan saura kwana goma sha ɗaya. Makaranta ta riga ta ba ni 200,000 a ciki, kuma ranar Litinin shugaban makarantar yake jira in kawo kaya a gwada wa yara. Ƙyallen saƙin yana aljihuna har yanzu. 485,000 na sayi ƙyalle.